Tambayoyinku: Kuɗin siyasa, 'yan kwansaltan da daliget, ina halak ta tsaya?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar kuɗi a siyasa da mutanen da ke cin abinci a gefenta. Na zaɓi guda huɗu, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA TA FARKO

Malam barka da aiki. Ni matashi ne na karanta aikin jarida, shekara uku kenan da gama bautar ƙasa ba aiki sai 'yar buga-buga, ina haɗa wa mutane fosta da katin biki a waya. Akwai yayan wani abokina da ake ce wa kwansaltan, shi ke riƙe da harkar midiyar wani mai neman kujera a jiharmu, ya ɗauke ni yana ba ni dubu 150 duk wata har da data. Wata biyun farko lafiya lau, fosta ne da bidiyon taro. To yanzu ya ce in buɗe akawun 15 a Facebook da sunayen mata da na ustazai, kuma ya turo min wata murya da aka yanka aka haɗa ta abokin hamayyarmu, kamar yana zagin wata ɗarika, alhali ni na ji asalin maganar ba haka ya faɗa ba. Da na yi jim sai ya ce siyasa ai ba sallah ba ce, kowa haka yake yi. Malam mahaifiyata na da ciwon suga kuma da kuɗin nan nake sayen maganinta. Dan Allah ya zan yi?

AMSA

Ɗana, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Jim ɗin nan da ka yi shi ne abu mafi tsada da kake da shi a yanzu, kar ka bari a saye shi dubu 150.

Bari in fara da cire maka wani nauyi. Aikin da ka yi a wata biyun farko guminka ne, halak ɗinka ne, kuma shi kansa aikin kwansaltan ba abin kunya ba ne. Ƙasar nan tana da rumfunan zaɓe 176,846 a mazaɓu 8,809, ba ɗan takarar da zai iya riƙe ko na jiharsa kaɗai a ka, dole sai da mutumin da zai zauna da takardu ya ce ranka ya daɗe a wannan mazaɓar an kayar da jam'iyyarmu da ƙuri'a kaza a zaɓen da ya wuce, matsalarsu ruwan sha ce ba kwalta ba, in ka je kar ka yi musu maganar gadar sama, sannan ya nemo ejan-ejan ya koya musu yadda ake tsayawa har a gama ƙirga a sa hannu a takardar sakamako a karɓi kwafi. Wanda ke wannan aikin ya ci kuɗinsa da hujja kamar yadda lauya ko akanta ke ci. Har sukar abokin hamayya ma ba laifi ba ce in da gaskiya aka yi ta. In ya riƙe ofis, ka ɗauko kasafin kuɗin, ka nuna an ware kuɗin asibiti, ka je ka ɗauko hoton kangon, ka sa kwanan wata. Wannan hidima ce ma ka yi wa jama'a.

Amma abin da aka turo maka yanzu wani abu ne daban. Ka ji asalin maganar da kunnenka, ka san an yanka, ka ga kenan kai ba wanda aka yaudara ba ne, kai ake so ka yi yaudarar. Kuma duba inda aka nufa da ita, ba a ce mutumin ya ci kuɗin kwangila ba, cewa aka yi ya zagi ɗarika. Wanda ya haɗa wannan muryar ya san Arewa sarai, ya san inda in aka taɓa wuta ke tashi. Mu da muka ga bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun 2011 ba ma wasa da irin wannan, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum sama da 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, har da yara masu bautar ƙasa a Bauchi. Murya ta minti ɗaya a WhatsApp ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, wallahi ba ka san inda za ta tsaya ba, kuma ba ka da hanyar dawo da ita.

Maganar kowa haka yake yi kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take kama mutane. A watan Janairun 2023 BBC ta fitar da bincike inda wasu da ke cikin harkar suka faɗa da bakinsu cewa jam'iyyu na biyan masu mabiya da yawa a soshiyal midiya a ɓoye don su yaɗa ƙarya, wani har naira miliyan 20, wani kuma alƙawarin muƙami ko kwangila. Kafin soshiyal midiya ma ai muna da sojojin baka a rediyo, a saya maka minti biyar ka ci mutuncin dattijon da ya haife ka. To amma yawan masu yi bai taɓa mayar da ƙazafi halak ba.

Sannan ka tambayi kanka, me ya sa shi bai buɗe akawun ɗin da wayarsa ba? Layinka yana haɗe da NIN ɗinka. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, kuma ɓata suna laifi ne a dokar final kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa. Ranar da abu ya ɓaci sunanka ne zai fito. Na taɓa zuwa wani ofishin 'yan sanda kan wata magana daban na tarar da yaro bai fi sa'arka ba zaune a bayan kanta, ba takalmi, an karɓe bel ɗinsa yana riƙe da wando da hannu ɗaya, mahaifinsa tsoho yana waje yana ta kiran lambar ogan yaron ana ce masa a kashe take. Kwana huɗu ya yi. Ba a yi wata shida ba na ga hoton ogan nasa da mutumin da aka sa yaron ya zaga, sun haɗu a jam'iyya ɗaya suna dariya a wurin ɗaurin aure. Har yau in na tuna tsohon nan da wayarsa a kunne raina ɓaci yake.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka same shi kai da shi, ba a gaban yaransa ba, ka ce Yaya ina godiya da rufin asirin da ka yi min, zan ci gaba da fosta da bidiyo da duk wata suka mai hujja, amma wannan muryar da akawun na bogi ba zan iya ba. Kar ka yi masa wa'azi, kar ka yi barazanar tona shi. Ka ajiye saƙonnin da ya turo maka kar ka goge, kariyarka ce. Ba zan ɓoye maka ba, zai iya sallamarka. Saboda haka tun daga yau ka fara tara ayyukan da ka yi ka nuna wa masu shaguna da makarantun kuɗi da ma wasu 'yan takarar, mai iya haɗa bidiyo mai kyau a waya ba ya rasa mai nema a kakar zaɓe. Kuma ka kira 'yan'uwanka ku zauna kan maganin Hajiya, bai kamata a ce kai kaɗai ne ke ɗauke da shi har a riƙa kama ka ta nan ba.

TAMBAYA TA BIYU

Malam wai wannan harkar ta kwansaltan ba Turawa ne suka kawo mana ita ba? Na ji an ce har daga waje ake hayo su. Daga wani dattijo a Gusau.

AMSA

Baba gaskiya ne ana hayo su, kuma kowane ɓangare ya yi. A 2014 APC ta yi aiki da kamfanin AKPD na Amurka, wanda David Axelrod mai ba Obama shawara yana cikin waɗanda suka kafa shi. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2018 jaridun Guardian da Observer na Ingila suka fallasa cewa wani attajirin Najeriya mai goyon bayan Goodluck Jonathan ya hayo Cambridge Analytica gabanin zaɓen 2015, kan kuɗi kusan fam miliyan 2, kuma cikin kayan aikinsu har da wani bidiyo mai cike da jini da aka shirya don a tsorata mutane da Buhari da maganar shari'a. Rahoton bai nuna cewa shi Jonathan ya san da maganar ba. Kamfanin ya yi aiki a zaɓen Kenya ma, kuma a 2018 ɗin ya rufe bayan tonon sililin bayanan masu Facebook. Duk da fam ɗin da aka zuba Buhari ne ya ci da ƙuri'a sama da miliyan 15.

Amma Baba kar mu ɗora wa baƙo duka kayan. Bature bai san wace ɗarika ce ke jin haushin wacce ba, bai san wace unguwa ake kai wa atamfa wacce ake kai wa taki ba, ɗan gida ne ke nuna masa ƙofa. 'Yan jagaliya da 'yan kalare da sara-suka kuwa ba a jirgi aka sauke mana su ba.

TAMBAYA TA UKU

Salam Malam. Maigidana daliget ne a jam'iyyarsu. Lokacin firamare ya kwana biyu a otal ya dawo da kuɗin da tunda muka yi aure ban taɓa ganin irinsu a hannunsa ba, daga baya ya faɗa min mutum biyu ya karɓar wa kuma kowanne sai da ya sa shi ya dafa Alƙur'ani. Ya biya kuɗin haya da na makarantar yara ya canja min kujeru. Ni dai tun lokacin hankalina bai kwanta ba, shi kuma ya ce ai kuɗinmu ne da suka sata suka dawo mana da shi. Yanzu ga wani zaɓen na tahowa har an fara kiransa. Mene ne gaskiyar magana?

AMSA

'Yar'uwa Allah ya ƙara miki tsoronsa. Ba ke kika karɓa ba, ba ke kika rantse ba, kar ki ɗora wa kanki abin da ba naki ba. Amma rashin kwanciyar hankalin naki yana kan hanya.

Bari ki ga yadda kasuwar take. A 2022 saboda yadda aka rubuta sashe na 84 na dokar zaɓe ta wannan shekarar, manyan da a da suke shiga firamare kai tsaye saboda muƙaminsu ba su samu jefa ƙuri'a ba, sai zaɓaɓɓun daliget kawai, sai adadin ya ragu sosai. A taron PDP na Abuja ranar 28 ga Mayu mutum ɗari bakwai da 'yan kai ne suka fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa, Atiku ya samu 371 Wike 237. A na APC a dandalin Eagle Square daliget dubu biyu da ɗoriya ne, Tinubu ya samu 1,271. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 fa. To in masu zaɓe suka zama 'yan kaɗan haka kowane kai sai ya yi tsada, shi ya sa har jami'an EFCC aka gani a wurin taron. A Kaduna Sanata Shehu Sani ya fito fili ya ce shi ba zai ba daliget ko sisi ba, da aka ƙirga ƙuri'un firamaren gwamna na PDP biyu ya samu. A wannan kakar ce kuma aka yi ta jin waɗanda suka faɗi suna bin daliget gida-gida a dawo musu da kuɗinsu.

Otal ɗin da maigidanki ya kwana na san irinsa. Ana kwashe su a bas tun jajibiri, a karɓe wayoyi a zuba a jaka ɗaya, a sa ƙarti a bakin get, tsakar dare a riƙa kiransu ɗaki ɗaya bayan ɗaya, ga jakar gana-mas-go a gefen gado ga Alƙur'ani a kan tebur ga wani da littafi yana kyasta suna. Shi mai littafin nan sau da yawa shi ne wanda da rana ake kira kwansaltan, kuma ba abin mamaki ba ne a ce an ba shi miliyan ɗaya ɗaya na kowane kai ya miƙa dubu 600 ya soke sauran.

Maganar kuɗinmu ne suka dawo mana da shi ita ce na fi so ki duba da shi a tsanake. In ma an sato su, ai ba daga aljihun maigidanki kaɗai aka sato ba, na duk mutanen ƙaramar hukumar ne, kuma su suka tura shi ya wakilce su. Mutum dubu nawa ne ba a kai su otal ba? Sannan wanda ya biya bai ɗauka ya yi sadaka ba, jari ya zuba, wani ma gida ya sayar ko bashi ya ci a wurin uban gida, ranar da ya hau kujera abin da zai fara yi shi ne mayar da uwar kuɗi da riba, daga kuɗin rijiyar burtsatse da maganin asibitin da ke da yaranki za ku je. Kuma in maigidanki ya je masa da kukan unguwa zai kalle shi ne a matsayin wanda an riga an sallama. Haka abin yake har a kan layin zaɓe, mai karɓar taliya da sabulu da dubu biyu. A zaɓen 2023 bayan an canja fasalin naira takardar kuɗi ta yi wuya, sayen ƙuri'a bai tsaya ba, komawa aka yi taransifa da kayan abinci da turamen zani.

A doka, dokar zaɓe ta 2022 ta sa cin hanci a harkar zaɓe laifi ne ga mai bayarwa da mai karɓa, hukuncin da ta tanada a lokacin shi ne tarar da ta kai naira dubu 500 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun. A addini kuwa hadisin la'antar mai ba da rashawa da mai karɓa sananne ne, akwai kuma wanda ya zo a Bukhari da Muslim kan mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika in an hana shi ya saɓa. Rantsuwa biyu a kan ƙuri'a ɗaya kuma dole ɗaya ƙarya ce tun lokacin da ake yinta, wannan ya samu malamin da ya yarda da shi ya faɗa masa komai ba ɓoye-ɓoye, don malamai sun bambanta rantsuwar da aka karya daga baya da wadda aka yi ana sane.

Ke kuma kar ki tare shi da faɗa ko gori. Ki bari sai ya ci abinci hankalinsa a kwance ki ce Baban yara ni fa na fi son mu zauna a kan tsofaffin kujeru da a sake sa ka dafa Alƙur'ani. Namiji da yawa yana karɓar irin wannan kuɗin ne saboda kunyar gida, in ya ji gidan ba su nema, rabin nauyin ya sauka.

TAMBAYA TA HUƊU

Malam ni malamar makaranta ce na yi ritaya, matan mazaɓarmu suna ta matsa min in fito majalisar jiha. Na je wurin wani kwansaltan ya rubuto min lissafin miliyan 120, ya ce in ba ni da su in koma gida in yi jikoki. Shin talaka ba shi da wuri kenan?

AMSA

Hajiya Malama sannu da ƙoƙari. Lissafin nasa kansa ya wuce iyakar da dokar zaɓe ta 2022 ta sa a lokacinta, don ta ce mai neman majalisar jiha kar ya kashe sama da miliyan 30, majalisar wakilai 70, sanata 100, gwamna biliyan 1, shugaban ƙasa biliyan 5. Matsalar ita ce a waccan dokar tarar wanda ya wuce iyaka kashi 1 cikin 100 ne kacal na adadin da aka yarje masa, ko ɗaurin shekara ɗaya, wato mai neman gwamna miliyan 10, shi ya sa ba mai jin tsoro. Jam'iyyun ma su suka fara sa shingen, a 2022 fom ɗin shugaban ƙasa miliyan 100 ne a APC, 40 a PDP, na majalisar jiha a APC miliyan 2, kodayake an yi wa mata rangwame.

Ba zan ce miki kuɗi ba sa aiki ba, suna yi, kuma kina iya yin komai daidai ki faɗi. Amma garin nan an taɓa siyasar da talaka ke cire kwabonsa ya sayi katin jam'iyya. NEPU da aka kafa a Kano a 1950 teloli da 'yan koli da manoma ne suka riƙe ta, Hajiya Gambo Sawaba ɗauri nawa ta sha a kanta, kuma a 1979 PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamnan Kano da na Kaduna alhali masu kuɗin suna NPN. Gidan Malam na nan a Gwammaja, ki je ki gani da idonki.

Ki koma wurin mutumin nan ki ce ya warware miki miliyan 120 ɗin layi-layi. Fom, fosta, man mota, rediyo, abincin ejan da kuɗin motarsu ranar zaɓe, lauya, waɗannan kuɗin aiki ne. Duk layin da ya rubuta wa masu ruwa da tsaki ko lojistik ɗin daliget ko tsaro na musamman, ki tambaye shi wa za a ba kuma don ya yi me, ki kalli idonsa lokacin da yake amsawa. In kin ɗauki wani, ku yi yarjejeniya a rubuce, a biya shi kashi-kashi bayan kin ga aiki, kuma ki tambaya ko yana yi wa wani mai neman kujerar aiki, don akwai masu cin tudu biyu. Ki binciki yadda jam'iyyar da kike so za ta yi firamare, da abin da dokar da ake aiki da ita yanzu ta yarda da shi, don matan da ke bayanki ba su da ƙuri'a a ranar sai in tun yanzu sun yanki katin jam'iyya. Su matan da ke matsa miki kuma ki tara su ki ce kowacce ta kawo abin da za ta iya ko dubu ɗaya ce, a buɗe littafi a rubuta, a naɗa ma'aji biyu. Ki nemo tsofaffin ɗalibanki, shekara talatin da wani abu kina koyarwa ba za a rasa mutum biyu a kowace rumfa da za su tsaya miki har a gama ƙirga ba. In kin yi taron farko ki rubuto min mutum nawa suka zo da abin da aka tara, sai mu ɗora daga nan.